Amanar biram: kiɗan da ya bar gida, na wa ne?

A cikin tsibiran tafkin Cadi, gabas da inda kogin Komadugu ke zuba ruwansa kusa da Boso, Buduma masunta suna da wani abin kiɗa da suke kira biram. Tsirkiyarsa biyar ce, jikinsa kuwa an sassaƙa shi da siffar kwalekwale. Ba kowa ke taɓa shi ba. A wurin masu shi yana ƙarƙashin kariyar Kargila, iskan tafkin, kuma sai wanda aka shigar cikin sirrinsa yake da izinin kaɗa shi. Lokacin da ƙarni na 21 ya kama, gwani guda ɗaya aka sani ya rage, wani dattijo mai suna Bukar Tar.

A shekara ta 2002 Malam Mamman Barka, Batube haifaffen Tasker, tsohon malamin makaranta wanda duk Nijar ta san shi da gurmi, ya samu tallafin UNESCO, ya tafi ya zauna gaban wannan dattijo kamar almajiri. Ya koyi kiɗan, ya koyi waƙoƙin da ke tafiya da shi, ya dawo da biram a hannunsa. Bayan rasuwar malaminsa shi ya zama mai riƙe da gadon. Ya hau da shi dandamali a Yamai da Turai, kuma a 2009 kamfanin World Music Network na Ingila ya fitar da faifansa, tare da makaɗi Umaru Adamu.

Labarin yana da daɗin ji, amma akwai ƙaya a cikinsa. Wanda ya ceci abu ta hanyar fitar da shi daga gidansa, abin ne ya ceta, ko kuwa wani abu dabam ya haifa mai kama da shi? Biram da ake kaɗa wa iskan ruwa da biram da ake tafa wa a zauren Landan, tsirkiyarsu ɗaya, aikinsu ya sha bamban.

Masu kishin gargajiya suna da amsa a shirye: gado amana ne, mai riƙon amana kuwa ba shi da ikon sauya mata kama. Maganar tana da nauyi, sai dai tarihi ba ya goyon bayanta sosai. Algaitar da ake busa wa sarakunan Barebari, wadda yau ba a raba ta da martabar Mangari, sunanta ma daga Larabci ya fito, ta hanyar Arewacin Afirka ta iso. Kakaki, bisa ga Tarihin Kano, a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa aka fara shi a fadar, cikin ƙarni na 15. Lalle a ranar farko an samu dattijon da ya toshe kunne ya ce bidi'a ce. Kai, ko tattasan da ya zama tutar kwarin Komadugu, asalinsa daga nahiyar Amurka yake, amma wa zai je kasuwar Difa ya ce wa manomi baƙon abu yake sayarwa? Yawancin abin da ake kira na gado baƙo ne da ya daɗe har aka manta ranar saukarsa.

Mamman Sani ya nuna hakan da na'ura. Ya sayi wata na'urar kiɗa ta lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla, ya zuba mata karin waƙoƙin Wodaɓe da Buzaye, ya ɗauki kasat ɗinsa a gidan rediyon ƙasa a 1978. Shekara da shekaru ana sa kiɗansa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, har kunnen ƴan Nijar ya saba da shi kamar kukan kurciya. Sai a 2013, da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga shi, duniya ta farga cewa Yamai ma tana cikin tarihin kiɗan lantarki tun da wuri. Mamman Sani ya ɗauko kayan waje ya sa musu muryar gida; Mamman Barka ya ɗauki kayan gida ya kai su waje. Da wuya a yaba wa na farko a zargi na biyu ba tare da son kai ba.

To, ashe ke nan kiɗa ruwa ne, kowa ya ɗiba? Masu wannan ra'ayi su ma sun yi gaggawa. Mutanen Komadugu sun fi kowa sanin cewa ruwa yana da mafari, kuma abin da aka tare a sama na ƙasa ne ke jin ƙishinsa. A 1969 wata ƙungiyar makaɗa a Amurka, The Winstons, ta buga faifai wanda a cikinsa mai ganga Gregory Coleman ya yi wani ɗan kiɗa da bai wuce daƙiƙa bakwai ba. Da na'urar yankan sauti ta bayyana, aka yanke wannan gutsure aka gina dubban waƙoƙi a kansa, har wasu sababbin salon kiɗan rawa na Ingila suka tsiro daga gare shi. Coleman ya rasu a 2006 cikin talauci, bai ci ko sisi daga wannan arziki ba. Manu Dibango na Kamaru ya fi shi sa'a: da Michael Jackson ya ɗauki amshin waƙarsa ta 1972, yana da suna, yana da faifai, yana da lauya, sai da aka biya shi. Masuntan tsibiri ba su da ko ɗaya daga cikin ukun.

Abin da ya raba aro da sata, a nan kamar a sha'anin maƙwabtaka, abu uku ne da kowace uwa ke koya wa ɗanta: ka nemi izini, ka faɗi mai abu, ka mayar. Biyun farko Malam Barka ya cika su cikawar da ba ta da ƙorafi. Bai laɓe da na'urar ɗaukar magana ya gudu ba. Ya durƙusa, an ba shi, kuma duk inda ya je sunan Bukar Tar na bakinsa. Shi kansa dattijon ya yi zaɓi mai wuya, domin ya miƙa sirrin kakanninsa ga wanda ba Buduma ba, ya ga hakan ya fi masa a kan ya shiga kabari da shi. Wanda bai taɓa zama na ƙarshe a kan wani ilimi ba, ya yi hattara kafin ya yanke wa wannan tsoho hukunci.

Sharaɗi na uku ne mai wuya, kuma ba laifin mawaƙin ba ne. Ina za a mayar? A watan Fabrairu na 2015 Boko Haram ta kai hari Boso da Difa; a ƙarshen watan Afrilu na wannan shekara, bayan harin tsibirin Karamga, hukumomi suka umarci mazauna tsibiran su fice. Dubban mutane suka taka da ƙafa cikin zafin bazara zuwa Gigimi. Al'ummar da ta san ma'anar kowace tsirkiya ta watsu cikin bukkokin gudun hijira. Malam Mamman Barka kuma ya rasu a Yamai a watan Nuwamba na 2018.

Faifan yana nan, duk mai wayar salula zai iya saukar da shi. Wani saurayi mai kwamfuta a Berlin ko Kano yana iya yanke daƙiƙa biyar daga ciki gobe ya ɗora musu ganga ta lantarki, kuma mai yiwuwa abin ya yi daɗi. Amma faifai sauti kawai yake ajiyewa. Ba ya koya wa yatsa inda za ta sauka, ba ya faɗin itacen da ake sassaƙawa, ba ya sanin abin da ake cewa kafin a taɓa tsirkiya. A wasu azuzuwan Gigimi da Difa akwai ƴaƴan Buduma da aka haifa bayan ƙaura, waɗanda ba su taɓa kwana a tsibiri ba. Idan wata rana malaminsu ya kunna musu biram a waya, za su ji kiɗan kakanninsu daga hannun Batube, wanda kamfanin Ingila ya ɗauka, ta cikin na'urar da aka ƙera a Sin.