Ƙananan Halittun Ruwa da Randar Gidanmu

 

Yawancinmu neman arziki ne ya kawo mu Jalingo, kuma mun sha jin malamai suna karanta mana a Suratu Hudu cewa ciyar da kowace halitta yana wuyan Allah. To wannan alkawari ya kai har cikin ruwa, inda ido ba ya gani.

Cokalin shayi ɗaya na ruwan teku yana ɗauke da miliyoyin ƙwayoyin bakteriya. A saman ruwan akwai tsirrai 'yan mitsi-mitsi masu haɗa abincinsu da hasken rana, kuma kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya daga gare su take. Abin da suka zubar, ko gawarsu in sun mutu, shi bakteriya ke ci. Wasu halittu da suka ɗan fi girma su cinye bakteriyar, ƙananan ƙwarin ruwa dangin jatan lande su cinye waɗannan, kifi kuma ya haɗiye ƙwarin. A kogin Binuwai ma haka tsarin yake. Bandar kifin Ibi da Lau da muke saye da sayarwa a kasuwa, daga nan namanta ya faro. Subhanallah!

Amma fa akwai inda abin ya shafi randar gidanmu. Ƙwayar kwalara takan manne a jikin waɗancan ƙwarin, tana ci daga ɓawonsu. A ƙauyukan Bangaladash an koya wa mata tace ruwa da tsohon zane mai ninki huɗu, sai binciken da aka buga a 2003 ya nuna kwalara ta ragu da kusan rabi, domin zanen yana tare ƙwarin da abin da ke manne da su. Tsohon zane fa, wanda babu gidan da ya rasa shi.

Ga damina ta kankama, Lamurde ya cika, kuma ba kowa ya san inda mai garuwa ya ɗebo ruwansa ba. Iyayenmu mata, a tace, sannan a tafasa, don zane kaɗai ba ya kashe komai. Manzon Allah (SAW) ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, balle mu juye fo ɗin yara a kwata mai gangarawa kogi. Wanda amai da gudawa ya kama, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a wuce da shi asibiti, kada a ce sai gari ya waye.

Allah Ya tsare mana iyalanmu, amin.