In Baki Ya Ci, Ido Zai Iya Dubawa?

Ɗan yayata ya dawo Tamale hutu da wata takardar shaida mai tambarin kamfanin waje. Ba jami'arsu ce ta ba shi ba. Ta fito ne daga ɗakin gwajin sadarwa da kamfanin ya gina musu a harabar makaranta, ya zuba na'urori, ya horar da malamai. Muna zaune a ƙofar gida a Zango bayan la'asar ya miƙo min ita, ya ce, "Kawu, duk wannan kyauta ne, ko sidi ɗaya ba mu biya ba."

Na taya shi murna har zuciya. Na san ɗaliban da suka gama karatun sadarwa ba su taɓa na'urar da ake zana musu a allo ba. Amma kalmar kyauta ta tsaya min a rai.

Kakanninmu fataken goro sun san irin wannan kyautar a Salaga. Mai masauki zai ba baƙo ɗaki da abinci ba tare da ya karɓi kuɗin haya ba, sai dai cinikin baƙon duk ta hannunsa zai bi, a nan yake samun la'adarsa. Ba wanda ya kira wannan zamba, domin kowa ya san sharaɗin. To, ɗakin gwaji ma masauki ne. Cisco ta Amurka ta fara makarantunta na horo tun 1997, Huawei ta Sin ma tana da nata a jami'o'in Afirka da yawa, har da Ahmadu Bello ta Zariya. Injiniyan da hannunsa ya saba da na'urar kamfani ɗaya, ran da ya zama mai sa hannu a takardar sayen kaya, wace zai zaɓa? La'adar ke nan, kuma ban ga haramci a cikinta ba.

Abin da ya dame ni daban ne. Jami'a ba wurin koyon sarrafa na'ura ba ce kawai, wurin yin tambaya ce, har wadda ba ta yi wa mai kuɗi daɗi. Me ya sa waya ke ɗaukewa a ƙauyukan hanyar Yendi? Kuɗin data ya dace da aljihun mai talla a kasuwar Aboabo? Bayanan mutane ina suke kwana? In malami ya san fitilar ɗakinsa da tafiyarsa taro waje duk daga aljihu ɗaya suke, ba sai an hana shi magana ba. Shi da kansa zai sauya batun bincike, ya kuma gaya wa kansa dama wancan bai da muhimmanci. Hausawa sun ce in baki ya ci, ido kan ji kunya.

Kuma mai masauki kan canza. A 2008 Vodafone ta sayi kashi 70 cikin ɗari na Ghana Telecom, a 2023 ta sayar wa Telecel. A 2019 Amurka ta ƙaƙaba wa Huawei takunkumi, rigimar da ba mu da hannu a cikinta. Wanda ya koyi maɓallan kamfani kaɗai, guguwa irin wannan kan bar shi a rana. Wanda ya fahimci yadda saƙo ke tafiya a iska da cikin waya, kowace na'ura aka ajiye masa zai gane kanta.

Na tambayi yaron ko ya taɓa ganin yarjejeniyar da jami'arsu ta sa wa hannu. Ya yi dariya, ya ce, "Kawu, wa zai nuna wa ɗalibi?" Na ce in ya koma ya tambayi shugaban sashensu, cikin ladabi, ya kuma kira ni ya faɗa min yadda fuskar malamin ta yi.