In an riga an biya, tashin asuba na mene ne?

Mu huɗu ne a ɗakin da muka kama haya a Maraɗi shekarar da na shiga jami'a, ni kaɗai ne Kirista. Da an kira sallar asuba sai ka ji motsin buta, ukun nan su fice, ɗaki ya zama nawa ni ɗaya na wajen minti ashirin. Nan nake kunna fitilar waya in buɗe Littafi Mai Tsarki. Mu ba mu da ladan mai tashinmu, ko biyu cikin ɗari na mutanen ƙasar nan ba mu kai ba, don haka na ari ladanin maƙwabta ban biya ko dala ba. Ɗaya daga cikin abokan ɗakin, wani ɗan Tawa mai son gardama, shi kan taɓa ƙafata in zai fita ya ce, "Fasto, tashi, lokacinka ya yi." Ni ba fasto ba ne, suna ne dai ya laƙa mani ya kuma bi ni.

Wani dare a fada, ana jiran shayi na biyu, ya juyo ya ce, "Mutumina, in tambaye ka tsakani da Allah. Ku kun ce Yesu ya riga ya biya maku komi, ceto kyauta ne, ba aikinku ba. To wahalar mi kake sha kullum da asuba? Mu dai mun san lada muke nema. Kai mi kake nema?" Wani ya tsoma baki ya ce ai su ma ba mai shiga aljanna sai da rahamar Allah, gardama ta koma tsakaninsu, ni kuma na samu na sulale da ƴan kalmomin da aka koya mana tun muna yara a majami'a. Amma tambayar ta bi ni har shimfiɗa, don na san amsar da na bayar ba ita ce a zuciyata ba.

Abin da ke zuciyata wani kaye ne mai bango shuɗi. Littafi Mai Tsarki da muke karantawa littattafai 66 ne, sura 1189. In ka raba su bisa kwanakin shekara, sura uku ko huɗu a rana sun ishe ka ka sauke. Ran 1 ga Janairu na ja layi da bik, kowace safiya in na gama in yi alama. Farawa ta wuce kamar tatsuniya, Fitowa ma haka. Cikin Fabrairu na faɗa Littafin Firistoci, dokar hadaya da dokar kuturta da dokar abin ci, ido na bin layi, hankali na wajen dabuwar ɗin da za a yi da ƙarfe takwas. Duk da haka ban fasa ba, saboda alamar. In faɗi gaskiya, alamar nake wa ibada. Na fara duban ƴan'uwa a taron matasa ina auna su: wannan ko Malakai bai san inda yake ba, waccan sai ran Lahadi take kaɗe ƙurar nata. Ina faɗin "alheri" da baki, amma a cikin kaina na maida shi gyara. Kun san gyara: sai ka sayi ƙosai na dala ashirin sannan mai ƙosai ta ɗora maka biyu. Wanda bai saya ba ba shi da gyara. Ni ina saye da tashin asuba, ina jiran Allah ya ɗora mani jarrabawa mai sauƙi da lafiyar Inna.

Sai bazara ta shigo. Wanda ya yi Afrilu a Maraɗi cikin ɗakin kwano, wuta na ɗaukewa, ba sai an yi masa bayani ba. Barci sai wajen ƙarfe uku. Na rasa rana ɗaya, na ce gobe in haɗa takwas. Na rasa uku. Ran da gibin ya kai mako na tura kayen ƙarƙashin katifa, na ɗora Littafin can bisa akwati, ban sake taɓa shi ba har wata biyu. Ba wai na daina ba da gaskiya ba ne. Kunya ce irin ta wanda mai tebur ke bi bashi: ka san hanyar, amma sai ka zagaya ta bayan layi kada ku haɗa ido. Wanda ya ɗauki ibada ciniki, ranar da ya kasa biya dole ya gudu.

Cikin watannin nan ne jika biyar ɗina ta ɓace, kuɗin da Baba ya aiko na cefane. Na birkice ɗaki ban gani ba. Ɗan Tawan nan shi ne ya rage a ɗaki ranar, kuma da maraice na gan shi da sabon caja. Ban ce masa ɓarawo ba, na dai faɗi maganar da ta fi wannan muni, a gaban sauran biyun: na ce abin mamaki ne yadda kuɗi ke fita daga wani aljihu su shiga wani. Ya dube ni ya ce, "Fasto, ni?" Daga ranar bai sake taɓa ƙafata da asuba ba.

Da aka yi hutu na tafi gida, ƙauyenmu ba nisa da Tsibiri. Kakana a wajen ƴan mishan na SIM ya koyi karatu, waɗanda suka fara zama a Damagaram a 1924 kafin su iso yankinmu, kuma da tsohuwar fassarar Hausa ta 1932 ya koya. Baba ya gaji wannan ɗabi'a: da sassafe, kafin ya ɗauki hauya, ya zauna bisa turmin da aka kife ya karanta abin da bai wuce rabin shafi ba, yana bi da yatsa, leɓe na motsi. Shekara nawa ina ganin haka ban taɓa tambaya ba. Ranar a gona na ce, "Baba, kullum kana jin daɗin karatun nan?" Ya yi dariya ya ce, "Kullum kake jin daɗin tuwo?" Ya ce akwai watannin da yakan karanta kamar mai tauna ƙaiƙayi, har da shekarar da ƙanwata ta rasu. Na ce to don mi bai bari ba sai zuciya ta dawo. Bai amsa ba, ya ci gaba da aikin da yake yi, wato gyaran tohon wani kututturen kalgo.

Wannan aikin yana da tarihi a ƙasarmu, kuma shi ya buɗe mani kai. A farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, shi ma ɗan SIM, ya yi ta dashen itatuwa a yankin Maraɗi, mafi yawansu suna mutuwa: rana ta ƙone, awaki su cinye, iska ta binne da rairayi. A 1983 ya tsaya bisa hanya don ya rage iskar tayoyin motarsa saboda yashi, sai ya lura cewa ƴan kurmin da ke ko'ina cikin gonaki, waɗanda ake sassabewa kowace shekara, ba ciyawa ba ne. Toho ne na itatuwan da aka sare tun da daɗewa, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Abin da ake bukata kawai shi ne manomi ya zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran, ya tsare su daga dabba da wuta, ya kuma dawo ya sake datsewa. Manoman Maraɗi da Damagaram suka ɗauka, wasu ma dama sun san dabarar tun kakanni, har ana ƙiyasin fili wajen hekta miliyan 5 ya sake yin itace. A ganina an fi yabon Baturen fiye da dubban manoman da suka yi ta sunkuyo da adda, amma wannan zance ne na wata rana.

Na tsaya ina kallon Baba. Ba shi ya ba kalgon nan rai ba. Ko ya kwana yana datsa, in saiwar ta mutu aikin banza ne. Kuma kalgon ba ya biyan shi komi a ranar. Amma in ya daina zuwa, tohon ya yi cunkus, reshe talatin suna rabon ruwan da ya kamata biyu su sha, akuya ta ƙarasa sauran, shekara ta dawo ba itace, alhali rai na nan a ƙasa. Nan na ga inda na ɓata. Ni na zaci dashe nake yi, ina kawo rai daga waje da ƙoƙarina, shi ya sa da rana ta ƙone dashen na ce shi ke nan. Abin da muka gaskata kuwa shi ne an riga an ba da ran, tun ban san hagu da dama ba. Karatun safe da addu'a datsa ce. Tana rage rassan da ke shanye mutum, fushi da kwaɗayi da tsoron gobe, ta bar ma abin da Allah ya dasa wuri.

Gardamar ba sabuwa ba ce. Manzo Bulus ya taɓo ta a wasiƙarsa ga Romawa sura 6, inda ya ƙi yarda a maida alheri hujjar zama cikin zunubi. A ƙarni na biyar wani malami, Pelajiyus, ya koyar cewa mutum na da ikon yin biyayya in ya ɗaura niyya, Agustin kuwa, bishop na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya maƙwabciyarmu, ya ce ko niyyar ma kyauta ce. Ikkilisiya ta bi Agustin. Amma mu matasa, da bakinmu Agustin muke, da kayenmu Pelajiyus.

Saura tambaya guda da ta fi damuna: in ka buɗe Littafin zuciya a bushe, ba munafunci ba ne? Na daɗe ina zaton haka, har na riƙa ganin barin karatun shi ne gaskiya. Yanzu ban yarda ba. Munafuncin da Yesu ya tsawata a Matiyu sura 6 na mai yin ibada don idon mutane ne. Wanda ya zauna shi ɗaya cikin duhu, ba mai ganinsa, bai ji komi ba amma ya zauna, wa yake ruɗi? Uwar da ta tashi tsakar dare ta ba jariri nono tana gyangyaɗi ba mai ce mata munafuka don ba ta yi murmushi ba. Munafuncin gaske wani wuri yake, kuma na same shi da hannuna.

Da na koma Maraɗi na sauko da Littafin daga bisa akwati, na ce ba kaye, ba alama, in fara daga Bisharar Matiyu a hankali. Ina buɗewa takardar jika biyar ta faɗo bisa cinyata. Ni na sa ta ciki da kaina, wai nan ne ba mai taɓawa, na manta. Da ina karatu da tun washegari na gan ta.

Ba wanda ya gani. Na sa ta aljihu, na yi karatuna, na yi addu'a. Kashegari ma haka. Na riƙa ce ma kaina maganar ta wuce, tono ta zai ƙara ɓata zama. Akwai kuma wani tunani da na fi jin kunyarsa: ni kaɗai ne Kirista a ɗakin, in na faɗa za a ce ga halinsu nan, kamar in yi shiru don in kare sunan Yesu. Rana ta biyar na iso sura 5, wurin da ake cewa wanda ya kawo baiko gaban bagade ya tuna ɗan'uwansa na da ƙara a kansa, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Na rufe Littafin. Na sake buɗe shi washegari na tsallake wurin. Kwana tara na yi ina tashi a kan lokaci, ban rasa ko ɗaya ba, da da kayen nan ne da alama tara sun jeru gwanin kyau. Kwanakin nan tara sun fi wata biyun da na yi ban karanta ba lalacewa, don a wata biyun ban san abin da ake nema gare ni ba.

Ba zan ce ƙarfin halina ne ya kai ni ba. Abin da na sani shi ne kowace safiya maganar na nan tana jirana, ba ta tsufa, har tsallake ta ya fi faɗin gaskiya wuya. Dare na tara, a gaban mutum biyun da na yi maganar farko gabansu, na fito da takardar na ce, "Mutumina, ga kuɗin. Cikin Littafina suke. Na zalunce ka, ka yafe mani." Ɗaya ya fashe da dariya ya ce ashe Fasto ba ya buɗe littafin nasa. Shi kuwa bai yi dariya ba. Ya daɗe yana juya kofin shayi, sannan ya ce, "Wata uku ana dubana da wannan." Can ya ce, "Ya wuce. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Bai wuce duka ba. Da aka koma sabuwar shekarar karatu ya kama ɗaki a wata unguwa. Muna gaisawa, mukan sha shayi tare in an haɗu, ya ma koma ce mani Fasto, amma ba kamar da ba, kuma ba ni da bakin cewa ya yi sauri. Amsar tambayarsa ta daren nan har yau ban ba shi ba, sai dai in ƴar takardar nan ta kai hannunsa. Waya ce ke tashe ni yanzu, minti biyar bayan kiran salla. Wata safiyar in ji kamar da ni ake magana, wata safiyar ƙaiƙayi. Makon jiya na rasa kwana biyu, na uku na ɗora daga inda na tsaya. Saukar da na yi niyyar yi cikin shekara guda ta shiga ta uku, ina cikin Irmiya.