Aidin a Ƙafar Kyanwa: Niyya Kaɗai Ta Isa?

A Bilbis, cikin ƙaramar hukumar Tsafe, kyanwa ma'aikaciyar gida ce, ita ke gadin rumbu daga ɓera. Ran da ta dawo da rauni, maigida sai ya ɗauko kwalbar aidin da ake sa wa yara, ya shafa mata. Yana juya baya ta lanƙwashe, ta sa harshenta mai kaushi ta lashe wurin tas.

Nan matsalar take. Aidin irin mai zafin nan akwai sinadarin barasa a cikinsa. Yana ƙona baki da maƙogwaro, ya jawo dalalar miyau da amai. Likitocin dabbobi kuwa kan tsarma Betadine, wani nau'in aidin, da ruwa har ya koma kalar shayi marar ƙarfi, su kuma hana ta lasa. Dettol ya fi haɗari, farasitamol kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi.

To, wanda ya cutar da ita da nufin alheri yana da laifi? Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, wato haƙƙinta ba abin wasa ba ne. Maigidan Bilbis ba mugu ba ne, tausayi ya ji. Amma Abu Dawud ya ruwaito cewa mai yin magani ba da sani ba shi ke ɗaukar lamuni, kuma tambayar malamin dabbobi a Tsafe ko Gusau ba ta gagare shi ba.