Kunyar Gida Ko Hakkin Ɗa?

Na daɗe ina tambayar kaina: idan yaro ya daina barci, ya ƙaurace wa abokansa, ya shiga surutai shi kaɗai, mene ne wajibin iyayensa? Galibinmu mukan ja ƙofa mu rufe, don kada a ce gidan wane akwai mahaukaci, 'yan matan gidan su rasa manema. Tsoron nan ba na banza ba ne. Amma a ganina ɗa amana ne, kuma kare sunan gida bai kai sauke amana nauyi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen rabin cututtukan taɓin hankali sukan soma ne kafin shekara 14. Ashe jinkiri zalunci ne. Sai iyaye su fara da asibiti mafi kusa, su gaya wa likita yadda abin ya soma, ba ɓoye-ɓoye. In ya ga larura, zai tura su Dawanau a Kano, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato. Addu'a ba ta hana shan magani. Ɗauri da mari kuwa, mun ga irinsa a Rigasa a 2019, inda 'yan sanda suka kuɓutar da ɗaruruwan mutane, cikinsu har da yara.

Jama'a, tun ran gini ran zane.