Auren Dukiya da Sarauta a Gidan Marlborough

  

Ka sani ya kai mai karatu, sarautun gado a Ingila hawa biyar ne, Diyuk a sama, Baron a ƙasa. A mafi yawan gidaje babban ɗa namiji ne ke gadon suna da fada da gonaki, don kada dukiya ta rarrabu. A da, ƙannensa kuwa sai su nemi abinci a aikin soja ko coci.

Wannan tsari ya dogara ne ga kuɗin hayar gonaki. Daga wajajen 1870 alkamar Amurka mai araha ta cika kasuwannin Ingila, haya ta faɗi, sannan a 1894 gwamnati ta ƙaƙaba harajin gado mai nauyi. Manyan gidaje suka wayi gari da suna babu abin gyaran rufi. A Amurka kuma ga attajiran jirgin ƙasa masu dukiya ba su da asalin sarauta. Sai kowa ya nemi abin da ya rasa a wurin ɗan'uwansa, 'ya'ya mata suka zama abin musaya.

Fadar Blenheim kyauta ce da Sarauniya Anne da majalisa suka yi wa John Churchill, Diyuk na farko na Marlborough, saboda nasarar yaƙin 1704. Diyuk na tara, Charles Spencer-Churchill, ya gaje ta tana cin kuɗin da ba shi da su. A watan Nuwamba na 1895 ya auri Consuelo Vanderbilt a birnin New York, tana da shekara 18, aka haɗa masa da hannun jarin jirgin ƙasa na dala miliyan 2.5. Yarinyar tana da wanda take so. Mahaifiyarta Alva ta tsare ta a gida, ta yi ta matsa mata har ta sallama. Consuelo da kanta ta rubuta a tarihin rayuwarta cewa da hawaye ta je wurin ɗaurin aure.

Nan ne zuciyata take ƙuna. Ba na shakkar cewa uwar tana ganin ɗaukaka take nema wa 'yarta, amma kyakkyawar niyya ba ta halatta tilas. Ya inganta cewa Khansa'u bint Khizam ta kai ƙara gun Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, sai ya warware auren. Duk uban da ke kallon gidan mai nema fiye da fuskar 'yarsa, a can ko a nan, ya ji tsoron Allah.

An gyara fada da kuɗin amarya. Consuelo ta haifi maza biyu, gado ya tsaya. Amma a 1906 suka raba zama, a 1921 aure ya mutu, ta auri wani Bafaranshe, Jacques Balsan. A 1926 Cocin Katolika ya binciki auren farko, Alva ta ba da shaida cewa ita ta tilasta 'yarta, aka yanke cewa tun asali bai ƙullu ba. Hukuncin bai taɓa sarautar ba: da Diyuk ya rasu a 1934, babban ɗan Consuelo, John, ya zama Diyuk na goma.