Jan Girgijen Bursa da Hotunan da ke Yawo cikin Wayoyinmu

 

Ya ku ƴan'uwa musulmi, abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne yawan hotunan gizagizai da ake aiko mana ta WhatsApp, kowane da tambaya biye da shi: Malam, mene ne ma'anar wannan? Wanda ya fi kowane dawowa shi ne hoton wani jan girgije mai kama da faya-fayi da aka jera wani bisa wani, da rami a tsakiyarsa, an rubuta ƙarƙashinsa wai shi ne gargaɗin da aka yi wa mutanen Turkiyya kafin girgizar ƙasa ta auka musu.

Hoton nan na gaskiya ne, babu ƙarya cikinsa. An ɗauke shi a birnin Bursa, da hudowar rana, ranar 19 ga watan Janairu na shekarar 2023. Masana yanayi sun san irinsa tun da daɗewa, suna ce masa lantikularis. Bursa tana gindin wani babban dutse ne da ake kira Uludag. Idan iska mai ɗauke da danshi ta bugi dutse irin wannan, sai ta hau, ta ƙetare shi tana tashi tana sauka kamar igiyar ruwa. Inda ta tashi sai ta yi sanyi, danshinta ya zama girgije. Inda ta gangara sai ta yi ɗumi, girgijen ya narke. Don haka ake ganinsa tsaye wuri guda alhali iska tana ratsa shi da ƙarfi. Jan kuwa hasken rana ne mai hudowa. Mu nan kudancin Nijar ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba mu saba ganinsa ba, shi ya sa ya firgita mu.

Girgizar ƙasar ma gaskiya ce. Ta auku ranar 6 ga watan Fabrairu, kwana 18 bayan girgijen, a yankin Kahramanmarash, ta halaka fiye da mutum 50,000 a Turkiyya da Siriya, Allah shi jiƙan musulmin da suka rasu. Amma tsakanin inda girgijen ya bayyana da inda ƙasa ta tsage akwai fiye da kilomita 700, kusan nisan Yamai da Damagaram in an miƙe layi. Abin da yake ƙarya shi ne igiyar da mutane suka ɗaura tsakanin abubuwan nan biyu, suka ce wannan ne ya ba da labarin wancan.

To, wa ya sanar da su? Wannan ita ce tambayar da musulmi zai yi. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (S.A.W.) ya rasu a Madina an yi husufin rana, mutane suka ce don mutuwarsa ne. Ku duba fa: magana ce ta girmamawa, ta fito daga masoya, kuma an faɗe ta a ranar da zuciyar uba take cikin baƙin ciki. Duk da haka bai bar ta ta kwana ba. Ya tashi ya gyara musu, ya nuna musu rana da wata ayoyin Allah ne, ba su husufi don rasuwar wani ko haihuwarsa, abin da ya kamace su shi ne salla da addu'a. Haka kuma a Hudaibiyya, kamar yadda Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa, bayan an kwana ana ruwa, ya rarrabe tsakanin wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah da wanda ya jingina shi ga tauraro kaza. Idan ba a yarda a karanta mutuwar ɗan Annabi a fuskar rana ba, ina wanda zai karanta mana girgizar ƙasa a fuskar girgije?

Kada kuma wani ya ji bayanin masana ya faɗa ɗaya ramin, ya ce ashe iska ce kawai da danshi, babu abin tsoro. Sanin sababi ba ya fitar da abu daga hannun Wanda ya halicci sababin. Alƙur'ani ya ambaci girgije cikin ayoyin Allah a Suratul Baƙara aya ta 164, da Suratun Nur aya ta 43, da Suratur Rum aya ta 48, yana kiran masu hankali su duba. Uwar muminai A'isha (R.A.) ta ba da labari cewa idan hadari ya taso akan ga canji a fuskar Annabi (S.A.W.), yana shiga yana fita, sai ruwa ya sauka hankalinsa yake kwantawa. Da ta tambaye shi, sai ya tuna mata da Adawa, waɗanda suka hangi girgije ya nufo rafukansu suka yi murna, ashe halakarsu ce a ciki, kamar yadda ya zo a Suratul Ahƙafi aya ta 24. Abin lura a nan, shi da wahayi yake sauko masa bai yanke hukunci a kan girgijen ba. Ya ji tsoro, ya roƙi Allah alherin abin da ke cikinsa, ya nemi tsari daga sharrinsa.

Mutanen Yamai ba su manta da ranar 4 ga watan Mayu na 2020 ba, cikin watan azumi, sa'ad da katangar ƙura ta rufe gari, sama ta koma ja kamar garwashi, hotunanta suka zagaya duniya. Iska ce mai sanyi da ke faɗowa daga cikin hadari, ta kwashi ƙurar busasshiyar ƙasa ta tura ta gaba, abin da kowane manomi ya sani a farkon damana, sai dai ta ranar nan ta fi girma. Wanda ya firgita ya yi istigfari ya bi sunna. Wanda ya ce don zunubin unguwa kaza ne, ko ya fara lissafin ranar tashin ƙiyama, ya faɗi abin da ba shi da ilminsa.

Shi ɗaukar hoton kansa ba mu ga laifi a cikinsa ba. Girgije ba abu ne mai rai ba, kuma Abdullahi ɗan Abbas (R.A.), da wani mai sana'ar zane ya koka masa, ya nuna masa ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da ruhi. Har ma akwai amfani a ciki. Tun shekarar 1896 masana suke da kundin hotunan gizagizai da sunayensu, kuma a 2017 Hukumar Yanayi ta Duniya ta shigar da wani sabon suna, asferitas, girgijen da ƙasansa yake kamar kogi mai ambaliya an kife shi a sama. Hotunan mutane irinmu, masu ɗaga kai su duba, su suka jawo hankalin masana gare shi. Matashin Maraɗi ko Tawa da ya ɗauki goshin hadarin gabas yana tahowa baƙi ƙirin kamar rumfa, ko girgijen nan mai saukar da jakunkuna kamar hantsar saniya bayan hadari ya wuce, ya rubuta gari da rana da lokaci, ya yi aikin kirki. Sai dai kada ya tsaya a fili ko ƙarƙashin icce ana tsawa saboda hoto, kada kuma a kira magariba shi yana jiran launin sama.

Abin da ya fi damunmu shi ne hotunan da ake haɗawa da kwamfuta: sunan Allah da haruffan Larabci tsaf a cikin girgije, ko surar mutum yana sujada, a ƙarƙashi a ce duk wanda ya tura wa mutum goma zai ga buɗi, wanda ya ƙi zai ga masifa. A yau yaro ma yana iya ƙera irin wannan a wayarsa kafin shayi ya tafasa. Na san dattijon da ya yi hawaye a kan irin hoton nan, da jikansa ya nuna masa yadda ake yin sa, kwana biyu bai sake da kowa ba. Mai ƙera shi ya yi wa Allah ƙarya ko da niyyarsa wa'azi ce, kuma ya yi alkawarin lada da azaba waɗanda ba su zo cikin Littafi ko sunna ba. Ɓarnarsa tana faɗawa kan ɗalibanmu, domin wanda ya gina imaninsa a kan hoto, ranar da ya gane haɗi ne sai ya fara tuhumar abin da yake ingantacce.

Suratul Hujurati aya ta 6 ta umurce mu da bincike kafin mu karɓi labari, kuma hoto labari ne. Idan ya shigo wayarka, tambayi wanda ya aiko: a wane gari aka ɗauka, wace rana, wa ya ɗauka? Idan ya ce shi ma turo masa aka yi, to, ya tsaya gare ka, kada ya wuce.